Nasihar Juma'a: Ciwon Suga da Hawan Jini, Lallaɓa Su Ake Yi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, mai rayawa mai kashewa, mai jarraba bayinsa da lafiya kamar yadda yake jarraba su da rashinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, ga Sha'aban ya kama, azumi ya ƙarato, kuma duk wanda ya yi shekara biyu a Jalingo ya san irin ranar da ke jiranmu da zarar hunturu ya ja jiki. Shi ya sa muka ga ya dace takardar wannan Juma'a ta tsaya a kan cututtuka biyu da suka samu wurin zama a gidajenmu da rumfunanmu: ciwon suga da hawan jini. Da wuya a samu sahu ɗaya a masallacin nan wanda babu mai ɗauke da ɗayansu, ko ya sani ko bai sani ba. Ƙungiyar duniya mai lura da ciwon suga, wato IDF, ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa manya kusan miliyan 3.6 ke da shi a Najeriya, kuma fiye da rabin masu shi a Afirka ba a taɓa auna su an gaya musu ba.

Mu yadda muka saba da cuta shi ne ta zo, a sha magani, ta tafi. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da kai, ka sha ƙwaya kwana uku, ranar Litinin kana rumfa. Da wannan tunanin muke tunkarar suga da hawan jini, kuma a nan ake yin ɓarnar. Mutum ya je asibiti jiri na ɗibarsa, a auna, a ce jininsa ya hau, a rubuta masa maganin wata ɗaya. Ya sha sati biyu, kai ya daina ciwo, ya ce alhamdu lillahi na warke, ya jefa sauran a durowa. Bayan wata shida sai ka ji an ce Alhaji wane daga alwalar Asuba ya yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. Mu taru wajen dubiya muna ta cewa abin ba zato ba tsammani. Alhali an yi zato, an ma gaya masa, har a rubuce.

To, a mafi yawan mutane waɗannan cututtuka ba su da ranar sallama. Zama da su ake koya. Jin sauƙi alama ce maganin yana aikinsa, kuma wanda ya ajiye magani don ya ji sauƙi tamkar 'yan layi ne da suka sallami maigadi don an yi wata guda ba a fasa shago ba.

Bari mu ɗan yi bayanin abin da ke faruwa a jiki, da yaren kasuwa. Duk tuwo da shinkafa da doya da burodin da muka ci, ciki yana mayar da su suga, sugan ya shiga jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da ke fitar da wani sinadari ana ce masa insulin. Aikinsa irin na ɗan dako ne: ya kwashe kayan da mota ta sauke a bakin titi ya shigar da su sito. In 'yan dako suka yi kaɗan, ko ƙofar siton ta cije, sai kaya su taru a titi, sito kuwa wayam. Shi ya sa za ka ga mai suga yana ci amma yana ramewa, ga gajiya, ga ƙishirwa, ga fitsari dare da rana har kiyashi na bin wurin. Sugan da ya taru a jini kuma a hankali yake cin ƙananan jijiyoyi, na ido, na ƙoda, na ƙafa, na zuciya. Hawan jini ma waɗannan wuraren yake duka, shi kuma sau da yawa ko ciwon kai ba ya sa wa. In suka haɗu a jikin mutum ɗaya, kuma suna yawan haɗuwa, ɓarnar ninkuwa take yi.

Abin da ke ɓata mana lokaci shi ne kowace alama mun riga mun ba ta wani suna. Gajiya da ramewa, taifot ne. Raunin namiji a shimfiɗa, basir ne. Ƙaiƙayi ga mace wanda ya ƙi ji ya ƙi gani, sanyi ne. Gani dishi-dishi, tsufa ne. Miki a ƙafa ya ƙi warkewa, ai taka wani abu ya yi, hannun maƙiya ne. Sai mutum ya yi shekara uku yana zuba kuɗi a maganin basir da na sanyi, alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa zai raba gardama cikin minti guda.

Wani zai ce, Malam, ai ajali ba ya gaba ba ya baya. Haka ne, babu Musulmin da ke jayayya a kan wannan. Amma wanda ya ƙaddara ajali shi ya umarce mu da riƙon sababi. Ya tabbata a hadisi cewa wasu mutanen ƙauye sun tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko su nemi magani, ya umarce su da su nema. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, yana kan hanyar Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a, kuma da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya fahimtar da shi cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. A nan ƙasarmu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya rubuta littattafai a kan likitanci, har da na ciwon ido da na basir, kuma da Baturen nan Kilafatan ya iso Sakkwato a 1824, cikin abin da Bello ya nemi a aiko masa daga Ingila har da likita. Waninmu ya fi Bello tawakkali ne? Kuma mu da muke kulle shago da kwaɗo uku mu ɗauki maigadi, ba mu ce arziki na Allah ne mu bar ƙofa a buɗe ba, me ya sa sai a kan jikinmu tawakkalin ke tashi?

Kada kuma a ce tunda ba ya warkewa ashe ba shi da magani. Kafin 1921, yaron da ya kamu da irin sugan da jiki ke daina yin insulin gaba ɗaya ba ya wuce shekara ɗaya ko biyu. A shekarar aka gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, aka fara yi wa mutum allurarsa a farkon 1922. Yau mai irin wannan ciwo yana yin aure, ya haihu, ya ga jikoki. In wannan ba magani ba ne daga rahamar Ubangiji, to mene ne?

Matakin farko awo ne. Na'urorin awon suga da ke hannun mutane iri biyu ne, wata tana ba da manyan lambobi, wata ƙanana. In aka auna mutum da safe bai ci komai ba tun dare aka ga 126 ko sama da haka, wato 7.0 a mai ƙananan lambobi, aka sake aunawa wata rana aka sake gani, likita zai ce suga ne. Hawan jini kuwa daga 140 a kan 90 yake farawa, in an maimaita awon a ranaku daban-daban mutum yana zaune a natse. Ana yin wannan a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Jalingo, wadda muke kira FMC, da Asibitin Ƙwararru na jiha, da ƙananan asibitocin unguwa. Duk wanda ya kai shekara 40, ko yake da ƙiba, ko iyayensa sun yi ciwon, ya je ko da ƙalau yake jin kansa. Mai juna biyu kada ta yi wasa da awon ciki, musamman wadda ta taɓa haifar jaririn da ya wuce kilo 4. Yaro kuma in ya fara ramewa, yana ta shan ruwa, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, a kai shi a ranar, kada a doke shi.

Kowane ɗan kasuwa a cikinmu yana da littafin bashi, ya san wanda ya karɓi kaya tun kafin Babbar Salla da ranar da ya karɓa. To a sayi ƙaramin littafi irinsa, duk awon da aka yi a rubuta rana da lamba, a bangon baya a rubuta sunayen magunguna da yawan da ake sha. Wanda ba ya boko ya sa ɗansa ya kwafa masa daga jikin kwali. Wannan littafi ya fi muhimmanci gare mu baƙi fiye da kowa, domin da yawanmu katin asibitinmu yana can gida, a Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Zariya, mu kuma muna nan. Sai ka ji mutum ya ce, likitana yana asibitin Malam Aminu Kano, in na je Salla zan gan shi. Haba Alhaji. Wunin mota ne tsakaninka da shi, kuma sau biyu kake zuwa a shekara. Inda kake kwana kake tashi, nan ya kamata ka yanki kati. In ka je gida, littafinka ya yi wa likitan can bayani.

Haka masu bin kasuwannin Iware da Garba Chede da Mutum Biyu, da masu saro kaya daga Anacha da Aba da Kantin Kwari. Tun da gadar Namnai ta karye a damunar 2024, masu bin hanyar Wukari sun ga yadda tafiyar wuni take komawa ta kwana. Ka ɗauki maganin da ya fi kwanakin tafiyarka, ka sa shi a aljihu ko jakar hannu. Kada ka cusa shi cikin kayan da za a ɗaure a saman mota.

Yanzu mu zo kan kuɗi, don mun san nan gizo ke saƙar. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, naira ta faɗi, wasu manyan kamfanonin magani na waje irin su GSK suka sanar da rufe harkarsu ta kai tsaye a ƙasar nan, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. Ba za mu tsaya a mumbari mu ce wa mai sayar da albasa a faranti ya sayi abin da ba shi da kuɗinsa ba. Amma akwai abin da ke hannunmu. Ka gaya wa likita gaskiyar aljihunka, ba abin kunya ba ne. Tsofaffin magunguna irin su metformin na suga da amlodipine na hawan jini suna cikin masu sauƙin kuɗi, kamfanoni da yawa na yin su, kuma aikinsu ɗaya da na mai tsadan kwali in dai na ƙwarai ne. Likita ya fi son ya rubuta maka abin da za ka iya sha kullum a kan wanda za ka saya sau ɗaya ka gudu. Abin da ba ya halatta ga mai hankali shi ne ya zama likitan kansa: ya raba ƙwaya biyu, ko ya sha yau ya tsallake gobe, ko ya ari ta maƙwabci don ai duk suga ne. Ka sayi magani a kemis mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda ya wuni a tire cikin rana a tasha, ko na ƙwarai ne zafi ya taɓa shi.

Dokar inshorar lafiya ta ƙasa da aka sa wa hannu a 2022 ta shafi kowa, har da mu da ba ma'aikatan gwamnati ba, kuma jihar Taraba tana da hukumarta ta inshorar karo-karo. Irin wannan tsari na taimakekeniya malamai da yawa sun halatta shi. Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu na kasuwa, 'yan hatsi da 'yan tireda da 'yan yadi da mahauta, su tashi wakilai su je su tambayo: nawa ake biya, wane asibiti, kuma maganin suga da hawan jini yana ciki ko ba ya ciki. Tambaya ba ta cin kuɗi.

Akwai magana ga magidanta. Wasu sun ji an ce a littattafan fiƙihu kuɗin likitan mace ba ya cikin abin da ya wajaba a kan miji, sai suka riƙe wannan kam, mace na fama da hawan jini ana ce mata ta aika gidansu. Maganar tana cikin littattafai, ba mu musa ba. Amma a cikin mazhabarmu ta Malikiyya an ruwaito daga Ibnu Abdil Hakam cewa ladan likita da magani suna kan miji, kuma manyan malaman wannan zamani da dama a kan haka suke, domin magani a yau ya zama kamar ci da sha. Balle mu da muka ɗauko 'yar mutane daga Daura ko Gumel muka kawo ta Taraba, babu uwa babu uba kusa. Wa take da shi in ba kai ba? Mutumin da zai iya ɗinka shadda kala uku da Salla, a ce maganin wata na uwargida ya gagare shi, wannan ba talauci ba ne. Kuɗin magani a ware shi ranar da ake ware na buhun masara. Masu fitar da zakka kuma su tuna, talakan da ke sayen insulin kowane wata yana cikin faƙirai da miskinan da aka ambata a Suratut Tauba, kuma shi buƙatarsa ba ta ƙarewa da watan Muharram. Iyayenmu mata da suka iya adashin biki da na kayan ɗaki, adashin magani ma yana yiwuwa.

Sai masu lasifika a bakin kasuwa da masu talla a rediyo da WhatsApp, masu cewa galan ɗaya zai wanke suga daga jiki har abada. Ba mu raina itatuwa ba, magunguna da yawa na asibiti daga tsirrai aka samo asalinsu. Amma duk wanda ya ce maka ajiye na asibiti ka sha nawa, musamman ga mai allurar insulin, wallahi da ranka yake ciniki. Mai irin sugan yara in ya bar allura kwanaki kaɗan ne zai suma. Zuma kuwa, wadda Allah Ya albarkaci jihar nan da ita, mun yi imani da abin da aka ambata game da ita a Suratun Nahli. Sai dai malaman tafsiri tun da can sun yi bayani cewa hakan ba ya nufin kowace cuta a kowane hali. Zuma tana ɗaga sugan jini, dabino ma haka. Mai suga da ke shan rabin kofi kowace safiya da niyyar sunna, ya auna kafin ya sha da bayan awa biyu, na'urar za ta gaya masa. 'Yan mata da amare masu shan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe su sani cewa da yawansu suna tayar da suga da hawan jini. 'Yan dako da direbobi masu haɗiyar haɗin maganin ciwon jiki kullum dare, irin su diclofenac da ibuprofen, ƙoda suke ci, kuma wanda ya san kuɗin wankin ƙoda sau biyu ko uku a sati ba zai yi wasa da wannan ba.

Abinci ba za mu tsawaita ba, kowa ya san inda yake yi wa kansa illa. Kakanninmu fatake da ƙafa suke zuwa Gwanja saro goro. Mu kuwa daga gida sai keke napep, daga nan sai benci har Magariba, da safe shayi mai kauri da rabin burodi, da rana lemon kwalba mai sanyi. Kwalba ɗaya ta rabin lita tana ɗauke da suga wajen giram 50, kusan ƙwaya goma ke nan, kuma lemon malt da zoɓo da kunun zaƙi ba su tsira ba. An ce wa mutane acca da alkama su ne abincin mai suga, har talaka ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Malmala uku ta tuwon acca ta fi malmala ɗaya ta tuwon dawa ɓarna. Rage tudun ake yi, ko tuwo ne ko doyar Zing, a cika gurbin da wake da zogale da rama da kuɓewa da kifi, duk ga su nan a kasuwa. Gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a wuni, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. Daddawa tana nan. Tafiyar ƙafa ta rabin awa kwana biyar a sati ta isa, kuma mai zuwa jam'i da ƙafa ya riga ya samu kaso mai yawa, ga lada.

Masu allura suna kuka da wuta, kuma da gaskiyarsu. Kwalbar insulin da ba a buɗe ba firji take so, amma kada ta daskare, kada a ɗora ta kan ƙanƙara. Wadda aka fara amfani da ita tana iya yin kamar sati huɗu a wuri mai inuwa. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi da Jami'ar Janeba, aka wallafa a 2021, ya gwada irin zafin sansanin Dagahaley na ƙasar Kenya, mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, ya samu insulin bai rasa ƙarfinsa ba cikin sati huɗu. Zafinmu na Maris da Afrilu yakan wuce haka, ballantana a ɗaki mai rufin kwano. Dabarar kuwa tamu ce ta gida: tukunya cikin tukunya, a zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye inda iska ke bi. Malam Muhammad Bah Abba na jihar Jigawa ya yaɗa wannan don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A sa kwalbar cikin roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta.

Ƙafa kuma, ya 'yan'uwa, a nan muke so a ba mu kunne sosai, domin mun gaji da ganin magidanta da sandar guragu. Suga yana kashe jin ƙafa. Mutum ya taka ƙusa da silifas a bakin sito bai ji ba, ko ya ratsa sumuntin harabar masallaci da Azahar ba takalmi tafin ya ƙone bai sani ba, ko mai yankan farce ya haɗa da nama, ko ya sa reza ya yanke kaushi. Ɗan ƙaramin miki, jini ba ya isa wurin yadda ya kamata, sai ya ruɓe. A yi ta shafa toka da man juye da garin magani, a je wajen wanzami ya tsaga, sai ƙafa ta yi baƙi tana wari sannan a nufi asibiti, a kuma dawo ana cewa likitoci ba su san komai ba sai yanka. Alhali Allah Ya ba mu abin da likitocin duniya ke roƙon masu suga su yi sau ɗaya a rana, mu sau biyar muke yi. Tsettsefe yatsun ƙafa a alwala abin so ne a mazhabarmu. To ka tsefe da ido buɗe. Ka duba tsakanin yatsu, ka duba dunduniya da tafi, in ba ka gani sosai ɗanka ko matarka su duba maka. Ka goge ruwan da tsumma mai tsabta, goge gaɓɓai bayan alwala ba laifi ba ne, danshin tsakanin yatsu shi ke kawo tsagewa. Ka shafa mai a faso amma ban da tsakanin yatsu. Ka zazzage takalmi kafin ka sa. Ka ga miki, ko kumburi, ko wuri ya canza launi, asibiti a ranar ko washegari, kada a jira kasuwa ta tashi. In an naɗe da bandeji aka ce kada ruwa ya taɓa, shari'a ta yarda ka yi shafa a kansa, sallarka ta inganta.

Sai azumi. Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun ba mara lafiya damar ajiyewa ya rama. Malamanmu na Malikiyya sun ƙara da cewa in mutum ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, ajiyewar wajibi ce a kansa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna da likitoci a Sharja a 2009 a kan ciwon suga, ta kasa masu shi kashi-kashi, ta ce masu haɗari mai yawa kada su ɗauka. Cikinsu akwai wanda sugansa ya faɗi har ya fita hayyacinsa a watannin nan, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, da wanda sugansa ya ƙi daidaituwa, da tsoho mai rauni. Da yawa kuma masu shan ƙwaya waɗanda sugansu ya zauna suna iya yi lafiya lau. Likita ne zai faɗi ɓangaren da kake, kuma yanzu a Sha'aban ake zuwa, domin sai an sauya lokutan shan magani, wani lokacin har da yawansa. Mai shan glibenclamide ya faɗa da bakinsa, domin tana iya kayar da suga da rana tsaka. Haka mai shan ƙwayar hawan jini mai sa yawan fitsari.

Soka yatsa don awo ba ya karya azumi, allurar insulin ma ba ta karyawa a fatawar mafi yawan malaman zamani. In ka auna ka ga ƙasa da 70, wato 3.9, ko sama da 300, wato 16.6, ka sha ruwa nan take, ko da saura minti ashirin a kira salla. Haka in jiki ya ɗauki rawa, gumi mai sanyi, zuciya na bugawa, magana ta fara harɗewa. 'Yan rumfa ku lura da junanku. Mai suga in ya rikice yana surutai, kafin a ce iska ce a fara tofi, a ba shi ƙwayar suga uku ko rabin kofin lemo in yana iya haɗiya. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Mun san abin da ke hana mutane ajiyewa: kada yaran shago su ga Alhaji da kofi a hannu. Wanda ya wajabta azumin shi ya yi rangwamen, yaran shago ba su da aljanna ba su da wuta. Wanda likita ya ce ba zai taɓa iyawa ba, ya ciyar da mudun Nabi ɗaya a madadin kowace rana. A Malikiyya mustahabbi ne, wasu malamai sun wajabta, kuma mai hali ya yi don ya fita daga saɓani. Masu ɗauka kuwa su jinkirta sahur, su yawaita ruwa tsakanin Magariba da Asuba, dabino ɗaya ko biyu ya wadatar, kunun kuma a ɗebar musu nasu kafin a zuba suga.

Mun kai wa kwamitin masallaci shawarar a sayi na'urar awon jini ɗaya da ta suga ɗaya daga asusun jama'a, a riƙa awo bayan sallar Asuba sau ɗaya a sati, kafin mutane su biya teburin mai shayi, tunda awon suga ya fi kyau ciki ba komai. Ma'aikatan lafiya da ke salla tare da mu su za su kula da shi, kowa da sabon tsinken sokawa, domin ciwon hanta ya yi yawa a jihar nan kuma ta jini yake bi. Mata za a yi musu nasu a Islamiyya, mace ce za ta auna su. Lambar da aka gani amana ce tsakanin mai awo da mai jiki, ba labarin majalisa ba ne, kuma masallaci ba zai rubuta wa kowa magani ba, takarda za a ba mutum ya kai asibiti. Mai son ba da gudummawa ya ga ma'aji bayan salla. Ranar farawa za a sanar bayan Isha'i, mai zuwa ya zo da ɗan littafinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya nuna mana Ramadan da rai da lafiya. Amin.